Furen safiya: Dasawa ba wuya, riƙo ne aiki

A ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Bichi zuwa Ɗambatta da Makoɗa, ba a tambayar tsiro ko yana da kyau. Tambaya ɗaya ake yi masa: me kake yi mana? Kuka ta ba da miya, ɗorawa ta ba da daddawa, gawo ya kaɗe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya ciyar da awaki. Zogale yana jikin danga, lalle yana kan iyaka, rama da yakuwa sun kewaye gona. Duk tsiron da ya sami wurin tsayawa a ƙasar nan, da guminsa ya same shi, domin fili ya yi mana kaɗan, bakuna kuma sun yi yawa. Gona tana gogar gona, in mutum ya yi tari a gidansa maƙwabci zai ce masa sannu.

Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya fitar da nazari a kan wannan yanki shi da abokin aikinsa tun 1965. Abin da ya ɗauki hankalinsa shi ne yadda jama'a masu yawa haka suke noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin kuwa kowane yaron ƙauye ya san shi. Harawar wake da ta gyaɗa ta shiga cikin akuya, akuya ta ba da taki, a haɗa shi da toka da sharar gida a juji, rani ya yi a loda wa jaki a mangala ko a zuba a amalanke a kai gona. Abin da ya fito daga gona ya shiga gida, abin da ya fito daga gida ya koma gona. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan zagayen a ransa, don za mu dawo kansa.

A irin wannan ƙasa, wanda ya ce zai yi magana a kan fure sai a ɗauka ya ƙoshi ne yana neman abin yi. An bar fure ga 'yan boko da gidajen gwamnati da otal-otal. Duk da haka a kansa zan yi magana, a kan wani dangi na tsirrai masu yaɗo waɗanda furensu yake da siffar bakin kakaki, ya buɗe da sanyin asuba, kafin azahar ya langaɓe, washegari wani sabo ya maye gurbinsa. Mutanen Ingila suna kiran su da sunan da ke nufin ƙawar safiya. Masana tsirrai suna kiran dangin Ipomoea, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "mai kama da tsutsa", saboda yadda suke nannaɗe duk abin da suka taɓa. Ire-irensu a duniya sun haura 600. Ni dai na saba kiran su furen safiya. Abin da nake so in faɗa a kansu bai wuce wannan ba: dasa su ya fi komai sauƙi, amma wanda ya dasa mai daɗewa daga cikinsu ya ɗauki nauyin da ba ya sauka da ƙarewar damina.

Kafin a ce baƙi ne, a duba da kyau, dangin nan sun daɗe da zama 'yan gida. Duman kada, wanda wasu ke kira duman rafi, shi ne yake shimfiɗe a bakin kududdufai da gefen hanya, da ganye mai kauri da fure ja mai sirkin shuɗi. Yaryaɗi shi ne wanda yake hawa karan dawa da damina, yara su tuge shi su kai wa tumaki. Kashe-kwari shi ne mai tsayi, mai rami a cikin kara, mai fure ruwan hoda, wanda ya cika shingaye. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, ya tarar kakanninmu sun riga sun raɗa wa irin waɗannan tsirrai sunaye, sun san wanda dabba ke ci da wanda take ƙi. Babban yaya a dangin kuwa yana cikin tukunyarmu: dankalin Hausa. Duk wanda ya taɓa ganin dankali ya yi fure a kunya zai shaida cewa shi da duman kada uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Dangin sun kasu biyu. Akwai 'yan damina ɗaya, kamar yaryaɗi: ya tsiro da ruwan fari, ya yi fure, ya zubar da iri, kaka ta yi ya bushe, shi ke nan. Akwai kuma masu daɗewa, waɗanda ko samansu ya bushe, saiwarsu tana nan a ƙasa da guzurinta na ruwa da abinci, tana jiran bazara. Waɗannan ba su dogara da iri kaɗai ba. Duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai laima sai ta saki jijiya ta zama tsiro mai zaman kansa. A wurin da ruwan sama yake zuba wata huɗu ya ɗauke wata takwas, tsiron da zai tsallake rani da ransa babbar kyauta ce. Amma halin da ya sa shi kyauta shi ne kuma ya sa shi abin tsoro, domin abin da rani bai kashe ba, sakacin mai shi ma ba zai kashe shi ba, sai dai ya ƙara masa fili.

Dankali ne ya fara koya mana yadda ake zama da irin wannan tsiro. Asalinsa daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ne, kuma a halittarsa mai daɗewa ne, mu ne muke tone shi duk shekara. Manomin dankali ba ya shuka ƙwaya, yaɗo yake yanka ya binne a kunya. Saboda haka babban tashin hankalinsa shi ne yadda zai tsallakar da yaɗon daga kaka zuwa damina. Tun muna yara muke ganin masu lambu a fadamu da bakin madatsar ruwa ta Tomas suna keɓe ɗan fili, su kewaye shi da ƙaya, su riƙa shayar da shi duk tsawon rani, ruwa na sauka su yanka su dasa, su sayar da sauran dami-dami. Masu binciken dankali sun ƙara da wata dabara ga wanda ba shi da fadama: a zaɓi lafiyayyun 'ya'ya matsakaita lokacin tono, a jera su cikin busasshen yashi a inuwa, a riƙa dubawa ana cire wanda ya ruɓe, in ya rage mako 6 zuwa 8 ruwa ya sauka a binne su a ɗan fili a riƙa bayi, su tofo yaɗon dashe. Wato ilimin yanka da binnewa da killacewa da bayi duk muna da shi. Abin da ya rage shi ne mu yi amfani da shi ga sauran dangin.

Kashe-kwari ya koya mana ɗaya gefen darasin. Shi ma daga nahiyar Amurka ya fito, kuma dattawanmu suna cewa ba su tashi sun tarar da shi da yawa haka ba. Sunansa ya bayyana aikinsa. Ƙasarmu jigawa ce mai rairayi, ruwan marka in ya sami 'yar hanya sai ya mayar da ita kwari, kwarin ya riƙa cin gona taku-taku. Sai aka sami tsiron da za ka sari karansa ka soka a bakin kwari, ko bayi ba ka yi ba, ya kama, ya tare yashi, ya rage wa ruwa gudu. Ba ya tsoron ambaliya, ba ya tsoron fari. Wanda ba shi da kuɗin siminti da dutse ya sami mai ceto. Daga bakin kwari ya koma shingen lambu, daga nan ya koma gefen burtali da bayan makaranta da bakin kududdufi. Na san gonakin da ba don shi ba da yanzu sun zama labari, kuma ba zan yi masa butulci ba.

Sai dai kyansa na ɗan maciji ne. A Indiya suna kiran sa da sunan da ke nufin marar kunya, domin duk inda aka jefar da shi sai ya tsiro, har ya toshe magudanun ban-ruwa. Abin da ya fi wannan muni yana cikin ganyensa. Akwai wata guba a ciki da masana suke kira swainsonine, wadda take hana ƙwayoyin jikin dabba narkar da wasu nau'o'in sukari, su taru a ciki har su lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Likitocin dabbobi a Sudan da Mozambik da Brazil sun bayyana cutar a jikin awaki. Ba ta kashewa a yini ɗaya. Sai dabba ta yi makonni tana ci, sannan a ga ta rame, kanta yana rawa, tana tangaɗi kamar mai maye, in ta faɗi tashi ya gagare ta. In an raba ta da ganyen da wuri takan farfaɗo, in an makara lahanin ya zauna. Da damina dabba ba ta kula shi, ga ciyawa ko'ina, kuma a turke take. Da rani ne, lokacin da aka saki dabbobi kuma shi kaɗai ne kore a fili, ake samun matsalar, kuma wadda ta saba da shi takan riƙa komawa. Duman kada ma yana sa dabbar da ta ci shi da yawa karkarwa.

A ƙauye akuya ba ƙaramar dukiya ba ce. Yawanci ta mata ce: ita ce asusun uwa, ita ce kayan ɗakin 'yarta, ita ce kuɗin asibiti in dare ya yi. Na taɓa zama a zauren mai unguwarmu ana sasanta maƙwabta biyu a kan haka. Ɗaya ya dasa kashe-kwari a kan iyaka don ya tare zaizaya, kuma ya tare. Shekaru suka ja, shingen ya yi kiɓa, ya ci taku uku cikin gonar ɗan'uwansa, ga shi kuma a kan hanyar da awakin unguwa suke bi zuwa rijiya. Awaki biyu na matar maƙwabcin suka kama tangaɗi. Mai shingen ya ce, "Ranka ya daɗe, ni alheri na nufa, ba don shi ba da gonarsa ma kwari ya cinye." Mai unguwa ya ce, "Gaskiyarka, Malam, alheri ka shuka. Amma wanda ya haifi yaro shi ke yi masa aski." Aka yanke cewa zai riƙa sare shi sau biyu a shekara, ya ƙone abin da ya sare, ɓangaren da ke kan hanyar dabbobi kuma a tuge shi a dasa jema, wadda kakanninmu suke shata iyaka da ita, saiwarta tana nutsewa ƙasa, ba ta yawo.

Wannan hukuncin shi nake bi wajen renon nawa furen safiyar. Wanda nake da shi a gida wani iri ne da masana suka laƙaba wa sunan birnin Alƙahira, Ipomoea cairica. Ganyensa a rarrabe yake kamar yatsun hannu, furensa shuɗi-shuɗi ne mai sirkin ja, tsakiyarsa ta fi duhu. Yankansa na samo daga shingen wayar wata makaranta, na kawo shi cikin jiƙaƙƙen tsumma, na dasa a gindin rumfar tsakar gida inda mata suke girki da surfe. Ranar da Baffana, ƙanin mahaifina, ya fara ganin sa ya hau rumfa, ya tsaya ya dube shi daga ƙasa har sama, ya ce, "Wannan na miya ne ko na magani?" Na ce, "Baffa, na inuwa ne da kallo." Ya ce, "To, Allah Ya sa ya san gidan da ya zo." Ba gatse ya yi mini ba. Tambayar ƙasarmu ya yi, kuma kowane mai dashe ya kamata ya tanadi amsarta.

Ga mai sha'awa, dashen ba shi da wuya. A jira ruwa ya zauna, ƙasa ta sha sosai, wato daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli. A yanki lafiyayyen yaɗo mai tsawon santimita 30, kimanin taƙi ɗaya da rabi, mai gaɓa uku ko huɗu. A tsinke ganyen ƙasa, a binne gaɓa biyu, a bar sauran a waje, a danne ƙasar da tafin hannu. Da yamma ake yi, don kada rana ta dafa shi tun bai kama ba. Cikin mako biyu za a ga sabon toho. In kuwa ƙwayar iri aka samu, ɓawonta tauri ne da shi, sai an ɗan goga ta a kan dutse har a karce ta, a jiƙa ta kwana ɗaya, sannan a shuka. Wurin da za a zaɓa ya zama yana samun rana, musamman ta safe, domin a inuwa ganye zai yi ta yi ba fure. Ya kuma zama ruwa ba ya kwanciya a gindinsa. Wanda tsakar gidansa ƙarama ce ya dasa a rabin duro ko tsohuwar randa da aka huda ƙasanta. Hakan ya ma fi, domin an yi wa saiwar iyaka tun farko.

Tun ranar dashe ake tanadar masa abin hawa. Tsiron nan ba shi da ƙugiya kamar ta kabewa ko soso, da jikinsa yake nannaɗe abu, saboda haka siririn abu yake so: igiya, waya, ko sandar da ba ta wuce kaurin yatsa ba. Gungumen rumfa ya yi masa kauri, sai an ɗaura masa igiya daga ƙasa zuwa sama. Wani abin mamaki, gefe ɗaya yake juyawa kullum. In ka leƙo shi daga sama za ka ga yana zagayawa saɓanin yadda hannun agogo yake tafiya. Yara a gidana sun sha naɗa shi ta ɗaya gefen da yamma, gari ya waye su tarar ya warware kansa ya koma hanyarsa. Batun taki kuwa, a yi a hankali. Tafi biyu na ruɓaɓɓen takin awaki a shekara sun ishe shi. Wanda ya zuba masa yuriya zai sami ganye kamar na dawar da ta sha taki, ya yi ta jiran fure bai gani ba.

Rani shi ne jarrabawa. Daga ƙarshen damina zuwa kaka fure yake cika rumfa, har mutum ya kasa ƙirgawa. Hunturu na shigowa sai ganye ya fara zuba, ƙura ta rufe sauran. A nan mutum yake da zaɓi biyu. In ruwa yana da wuya a gidan, kamar yadda yake a yawancin ƙauyukanmu inda sai an ja guga ko an bi layin famfo, a sare yaɗon a bar kamu ɗaya daga ƙasa, a rufe gindin da ƙaiƙayi ko busasshen ganye, a riƙa zuba masa ɗan ruwa sau ɗaya a mako. Zai yi barci, bazara ta yi ya farka. In kuma ana son inuwarsa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani, ba sai an taɓa ruwan sha ba. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da na ɗaurayar kwanuka sun isa, muddin ba mai yawan sabulu ko gishiri ba ne. A gidana a gindinsa aka ajiye dutsen da ake tsugunawa a yi alwala, shi ke nan an gama maganar bayi.

Aikin gaske yana ga aski. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaɗo kuwa duk mako ake duba shi da damina. Wanda ya nufi katangar maƙwabci a datse shi. Wanda ya sauko ƙasa yana neman inda zai saki jijiya a ɗage shi ko a yanke. Wanda ya kama reshen zogale ko na gwanda a warware shi, domin in aka bar shi zai rufe bishiyar ya hana ta rana har ta ƙi 'ya'ya. Sannan a tuna da zagayen nan da na roƙi mai karatu ya riƙe. A birni, wanda ya yi wa furensa aski ya zuba a bola, mota ta kwashe. A wurinmu juji ba ƙarshen tafiya ba ne, zango ne a kan hanyar gona. Ɗanyen yaɗo ko ƙwayar iri da aka jefa a juji za su hau jaki tare da taki, su sauka a tsakiyar gero, watakila ma a gonar wanda ya sayi takin bai san hawa ba bai san sauka ba. Don haka duk abin da aka yanke a shanya shi a kan rufin kwano ko a kan dutse, inda ba ya taɓa ƙasa kuma akuya ba ta kaiwa, ya bushe ƙayau, a sa a murhu. Ƙwansunan irin kuma a tsinke su tun suna kore.

Akwai wurare uku da ba na ba da shawarar a dasa shi. Na farko jikin ginin ƙasa, domin ganye mai duhu yana riƙe laima, yana ɓoye tsaga da hanyar gara, ba za a farga ba sai marka ta zo. Na biyu kusa da turken dabbobi ko inda akuya za ta miƙa wuya ta kai. Dangin da aka san wasunsu da guba, rigakafi ya fi magani, haka kuma a hana yara wasa da ƙwayar irin a baki. Na uku kusa da kunyar dankali ko filin renon yaɗonsa, domin ƙwaron nan da yake huda dankali ya sa shi ɗaci yana samun mafaka a jikin sauran 'yan dangin, ya yi rani a can ya dawo. Masu tsoron maciji kuma suna da hujja. Maganinsa shi ne a tsinke ganyen ƙasa har zuwa gwiwa, a bar gindin fayau ana share shi, ta yadda ba abin da zai ɓuya.

To, bayan duk wannan ɗawainiya, mece ce ribar? Amsar da zan ba Baffa ta kasu biyu. Ta farko irin wadda ƙasarmu take ganewa ce. Rumfar kwano da rana tanda ce, rumfar zana kuma duk shekara sai an sake ta, ga kara ya zama abin saye domin dabba na so, murhu na so. Rumfar da ɗanyen ganye ya rufe sanyinta daban ne, kuma ba ta cin fili, tafin hannu ɗaya na ƙasa ya ishe ta, sauran rayuwarta a sama take yi. A ƙasar da kowane taku yake da mai shi, tsiron da yake hawa sama maimakon ya mamaye ƙasa ya san gidan da ya zo. Matan da suke yini a tsakar gida su suka fi kowa sanin darajar wannan inuwa. Ƙudan zuma ma suna zuwa tun da sassafe, kuma wanda ya zo don fure ba zai wuce kabewa da kuɓewar bayan gida bai gaisa da su ba.

Amsa ta biyu ita ce ido ma yana da haƙƙi. Ban yarda cewa son kyau baƙon abu ne a wurinmu ba. Mutanen da suke yi wa ƙwarya zane, su yi wa soro ado, su zauna wata guda suna yi wa riga aska takwas, ba za a ce ba su san kyau ba. A Japan, inda su ma fili ya yi musu kaɗan, sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna renon wani ɗan damina ɗaya daga wannan dangi, suna kiran sa asagao, wato fuskar safiya. A unguwar Iriya ta birnin Tokyo ana cin kasuwarsa duk shekara daga 6 zuwa 8 ga Yuli, kuma 'yan ajin farko na firamare sukan rene shi a tukunya don su koyi kula da abu mai rai.  Yaron da ya tashi yana ganin fure ya buɗe da asuba ya rufe da rana, ya san cewa in bai zuba ruwa ba zai mutu, in bai yi aski ba zai shiga gidan mutane, ya koyi abin da allo kaɗai ba zai koya masa ba.

Ina da kira ga waɗanda abin ya shafa. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta da malaman gona na hukumar KNARDA da likitocin dabbobi su ne suka fi kusa da mu. Zai yi kyau su riƙa faɗa wa jama'a, da Hausa, a rediyo da ranakun kasuwa, alamomin cutar kashe-kwari a jikin dabba, da wuraren da ya dace a dasa shi da waɗanda jema ta fi dacewa. Masu unguwanni da dagatai su sa ido a kan shingayen da ba su da mai kula, musamman na bakin rijiyoyi da burtali. Malaman makaranta kuma, maimakon a bar shingen makaranta ga duk abin da ya ga damar tsirowa, a ba kowane aji rumfa ɗaya ya rena, ya yi mata aski, ya ƙone abin da ya yanke.

Ga ɗaiɗaikunmu kuwa, kafin mutum ya soka yaɗo a ƙasa ya tambayi kansa: wa zai yi masa aski baɗi, wa zai yi masa shekara biyar masu zuwa? In akwai amsa, ya dasa, zai sha inuwa, idonsa ya huta. In babu, ya haƙura ya shuka ɗan damina ɗaya. Gero ana girbe shi a manta, amma tsiro mai daɗewa zama ya zo yi, kuma a ƙasa irin tamu duk wanda ya zo zama, maƙwabta ma da su zai zauna.